Fallen Jirgin Ƙasa

Alhamis, 2 ga Muharram 1347, Gumel, bayan azahar

Takarda ta zo daga Kano. Baturen makarantu, wanda yara ke ce wa Mai Lofe, zai iso ran ashirin da biyar ga wata, ya duba yara, ya duba akwatin littattafai. Malam Ɗantala, babban malaminmu, ya karanta mana ita a tsaye har sau biyu. Da ya gama ya ce, "Malam Cindo, in Bature ya sami akwatin nan yadda aka ba mu shi, a ranar zan sa hannu a takardarka ta komawa Zariya. Na yi alkawari."

Damina huɗu ina jiran maganar nan. Na ce na gode.

Makullin akwatin yana wuyana. Yau sai na ji kamar dutsen niƙa na rataya.

Juma'a, 3 ga wata, hantsi

Gara in faɗa a nan, tunda takarda ba ta da baki.

Littattafai goma sha biyu aka damƙa mini. Sha ɗaya suna nan ƙalau, ko gara ba ta shinshina su ba. Na sha biyun shi ne babban nan mai hotuna, mai giwa da teku da shanun ƙasashe da jirage. Ɗaya ne tal, yara kuwa sun kusa talatin. In na buɗe shi sai su yi mini rumfa, na gaba ya ga hoto, na baya ya ga ƙeyar na gaba.

Ni ban taɓa ganin ɗinkakken littafi ba sai da na shiga boko. Na mahaifina fallaye ne a cikin gafaka. Ɗalibi ya zo a ba shi falle ɗaya, ya karanta, ya dawo da shi a ba shi na gaba. A gindin kowane falle kuma an rubuta kalmar da na gaba ya fara da ita, don kada su rikice. Haka na taso na gani, haka kakanmu ya yi.

To, wata biyar da suka wuce na ɗauki askar fiƙe alƙalami na yanke zaren littafin. Fallaye talatin. Kowanne na rubuta masa kalmarsa a gindi, na raba wa yara, duk Asabar su yi musaya. Da la'asar muke karatun a gindin tsamiya, lokacin Malam Ɗantala yana fada. Bangon kuma na cusa masa tsofaffin takardu ya yi ciki, na mayar da shi akwati.

Yankan ba ya ba ni kunya. Cushen nan shi ke hana ni sakewa.

Ran Litinin ruwan shuka ya sauka da tsakar rana. Iyaye suka yi dafifi, kowa ya ja ɗansa zuwa gona. Kafin in ce "falle" an watse, kowane yaro da nasa a cikin hula. 'Yan ƙauye ba sa dawowa sai an gama noman farko. Bature zai riga su.

Asabar, 4 ga wata, la'asar

Na zaga gari gida gida, kamar mai tallar goro. Goma sha tara sun dawo. Ɗaya yana warin daddawa, ɗaya an naɗe shi kamar laya.

Saura sha ɗaya. Huɗu a Maigatari, huɗu a Sule Tankarkar, uku a Gagarawa. Fallen jirgin ƙasa yana cikin na Gagarawa, a hannun Ilu mai giɓin haƙori. Sati uku ya ƙi musaya da kowa. An ce za a shimfiɗo hanyar jirgi ta kusa da garinsu, yana so ya nuna wa babansa irin abin da ke tafe. Shi ne ya taɓa ɗora yatsa a kan hoton ya ce, "Malam, wannan ne zai kai ka gida?" Na ce in an bar ni.

Lahadi, 5 ga wata, bayan azahar

Na gaya wa Malam Ɗantala. Ya buɗe bangon, tsofaffin takardun suka zubo masa a cinya. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, "Malam, me aka ɗauke ka yi? Ka tsare akwati daga ɓera, daga yoyo, daga hannun yaro marar wanki, daga gara. Ashe garar tamu da rawani take yawo."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, takardar bara ta ce mai riƙe da littattafai ya sa yara su ƙwallafa rai ga karatu. Yaya yaro zai ƙwallafa rai ga abin da ke kulle?"

"Ta bara ta ce haka. Ta bana ta ce a same su cif. Ni wadda ta zo ƙarshe nake bi."

"To in ta baɗi ta zo fa?"

"Baɗi kana Zariya kana cin tuwon dawa, ni ina nan da su. Ku Zazzagawa, a ba ku ajiyar riga sai ku warware ɗinkin ku mayar da ita sawaye."

Bakano da Bazazzage abokan wasa ne, amma babu wanda ya yi dariya a cikinmu.

Ya ƙirgo mini abin da ake so ga mai akwati, yana lanƙwasa yatsu. Ya san kowane littafi kamar ɗansa. Ya sa yara su so shi, amma kada su taɓa shi da yawa. Ya zama mai fara'a kada su guje shi, ya zama mai tsanani kada su raina shi. Littafi ya sha karatu, amma ya zauna sabo. Na ce wannan ai a ce wa mutum ya yi wanka kada ya jiƙe ke nan. Ya ce, "Ni ma haka ake ce mini."

Gaskiyarsa. An taɓa sauke shi daga wata makaranta a kan allunan dutse biyu da suka fashe ba a hannunsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Da zan fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Goɗiyata tana turke. Ba ta son dorina."

Litinin, 6 ga wata, almuru

Hadari a gabas. Duk ɗigon da ya faɗa kan rufin ciyawa a ƙasar nan, a kan fallena yake faɗuwa.

Alhamis, 9 ga wata, Maigatari, la'asar

Ranar kasuwa. Raƙuma, kanwa, mutanen Damagaram da rawunansu, kowa na magana babu mai saurare. Rairayi har idon sawu. A ƙasar nan mutum zai yini yana tafiya bai ga dutsen da zai jingina idonsa ba. Na tuna dutsen Kufena na Zariya.

Na sami uku ba wahala. Na huɗu na Barau ne, fallen jirgin ruwa. Ya sunkuyar da kai ya ce kawunsa ya ƙetara iyaka da fallen zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, wai abokansa sun ce ƙarya ne, ƙarfe ba ya tafiya a kan ruwa. Na zauna a rumfar wani mai sayar da igiya tun hantsi ina zagin kawun da ban taɓa gani ba. Gab da la'asar sai ga shi a kan jaki, ya ciro fallen daga cikin gafakar Alƙur'aninsa, a naɗe cikin ƙyalle fari.

Ya ce, "Malam, sun gani da idonsu. Amma wani ya ce hoto ma ana yin ƙaryarsa. Sai Barau ya zo ya karanta musu."

Na ce Barau ba zai ƙetara ko'ina ba. Na karɓa na yi godiya, bayan na riga na zage shi. Allah ya yafe mini.

Juma'a, 10 ga wata, Gumel, bayan masallaci

Cika-ciki. Goggo A'i, mai gidan da nake zaune, ta kawo mini tuwo da wutsiyar ragon layya, ta tsaya a bakin ƙofa sai ta ga na ci.

"Ci, Bazazzage. Wanda bai ƙoshi yau ba, bana da yunwa zai ƙare. Ka rame kamar kara. Wai duk a kan takarda?"

Na ce a kan takarda, Goggo.

"Mu da muke ajiye hatsi a rumbu, in lokacin shuka ya yi ai watsa shi muke yi a ƙasa. Ba a taɓa kai mu gaban alƙali ba."

Na ce ita ba ta da Bature. Ta ce tana da fari da tsuntsaye, sun fi Bature zuwa a kan kari.

Wani farke ya kawo wasiƙar matata Rabi'atu. 'Yarmu Zinariya ta iya ɗaukar tulu ƙarami. Bayan tahowata da wata biyu aka haife ta, ban san fuskarta ba. Duk sanda wasiƙata ta isa sai a ce mata, "Ga Baba ya zo." Rabi'atu ta ce yanzu ko takardar ƙunshin barkono yarinyar ta gani sai ta ɗauka ta ce Baba.

Sun rubuto shi don in yi dariya. Na yi, daga farko.

Litinin, 13 ga wata, Sule Tankarkar, hantsi

Uku a cikin gari. Akuya ta ɗanɗani kusurwar ɗaya, amma ta bar rubutun, ta fi wasu mutane ladabi.

Na huɗu a ruga, wajen wani dattijo, Hamma, kakan ɗaya daga cikin yarana. Fallen shanun ƙasashe ne. Ya ba ni kindirmo, ya zaunar da ni a kan buzu, sannan ya ce ba zai bayar ba.

"Malam, tsakaninka da Allah. Wannan saniya ce?"

Na ce saniya ce, Baffa.

"Ina tozonta?"

Na ce na can ba su da tozo.

"Ƙaho kuma kamar na ɗan akuya. To yaron nan ya karanta mana, wai tana cika ƙwarya huɗu a tatsa ɗaya. Muna cikin saurare sai magana ta yanke. 'Abin da ake ba ta ta ci kuwa shi ne,' shi ke nan, takarda ta ƙare! Sati biyu ba mu san abin da take ci ba. Ga wata kalma an rubuta a ƙasa da hannu, ya ce 'busasshiyar'. Busasshiyar me?"

Na ce ciyawa, Baffa.

Ya ce, "Ciyawa." Ya juya ya faɗa wa matan da Fulatanci, aka kwashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa. Ya miƙo mini fallen ya ce in an ɗinke kada a manta da su, a riƙa aiko da yaron da na gaba.

A hanya na kama kaina ina murmushi. Na daina. Murmushi ba zai kai ni Zariya ba.

Laraba, 15 ga wata, Gumel, azahar

Bayana ya ƙage. Ashirin da bakwai a hannu. Kwana goma.

Alhamis, 16 ga wata, bayan asuba

Na jera su, na sake jera su. Kowane falle yana kiran na gaba da sunansa. A wuri uku ana kira ba a amsawa.

Asabar, 18 ga wata, Gagarawa, la'asar

Biyu na samu.

Na tambayi gidan su Ilu, wanda na tambaya ya dube ni ya ce, "Kai ma ka ji ke nan." Ban gane ba sai da na sha kwana na ga tabarmi a ƙofar gida, da mutane zazzaune, ba mai ɗaga murya. Yau kwana uku. Zazzaɓi, in ji su, bai fi kwana biyar ba.

Na zauna. Na yi abin da ake yi. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne malamin." Ya ce in shigo zaure, uwar tana so ta gaishe ni.

Kyauta sunanta. Ta tsaya a bayan zana, ban ga fuskarta ba, hannunta kawai na gani, da faifai, da fallen a kansa. Ya yi laushi, ya yi baƙi a wajen da yatsa ke bi.

Ta ce, "Malam, kullum sai ya karanta mini, har na iya farkonsa. Ya ce in ajiye masa, ran da jirgin ya zo za mu je mu gwada mu ga ko ya yi kama. Karɓa ka zo yi?"

Tsakanina da fallen bai kai kamu biyu ba.

Na ce a'a. Gaisuwa na zo.

Lahadi, 19 ga wata, a hanya, azahar

Goɗiya ta san hanya. Na sakar mata linzami.

Litinin, 20 ga wata, Gumel, la'asar

Na kai wa Kawu baduku ashirin da tara. Ya juya su ya ce zai ɗinke, amma ɗinkin baduku ba zai yi kama da na Turawa ba, sai dai ya fi shi ƙwari.

Malam Ɗantala ya ce, "Na talatin fa?" Na ce ban samu ba. Ya riga ya ji labari, na ga ya ja layi a kan sunan a littafin kiran suna. Ya dube ni, ya san na je gidan, ya san ƙarya nake. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Bature bango yake ƙirgawa, ba ciki ba. Mu yi addu'a kada ya buɗe."

Falle na sha takwas ya ƙare da cewa, in jirgi ya taso daga nesa, abin da za ka fara gani shi ne. A gindi, da hannuna, na rubuta "hayaƙi". Falle na gaba yanzu zancen auduga yake.

Talata, 21 ga wata, hantsi

Gagarawa tafiyar yini ce. Zuwa da dawowa, da sauran kwana ɗaya na ɗinki. Da zan ce mata aro ne, da ta bayar. Irinta ba sa hanawa.

Laraba, 22 ga wata, hantsi

Na ɗaura wa goɗiya sirdi. Na tsaya. Na kwance.

Alhamis, 23 ga wata, azahar

Na tara Zinariya da matar nan a zuciyata in ga wa ya fi gaskiya. Ba a yanke ba. Kawu ya kawo littafin. Yanzu ko na je an makara, kuma na ji sanyi da aka makara, na kuma ji haushin sanyin da na ji.

Asabar, 25 ga wata, bayan la'asar

Ya zo. Yara goma sha bakwai muka samu, har da Barau, wanda kawunsa ya kawo a kan jaki jiya.

Na buɗe akwati. Ya bi bango da gindin lofensa, ɗaya, biyu, har sha biyu. Ya ce, "Madalla, Malam." Malam Ɗantala ya saki numfashi. Ni kuwa har na hango ƙofar gidanmu, har na ji ƙanshin marina.

Sai ya zaro babban. Ya ce wa zai karanta? Duk suka ɗaga hannu, abin da ba a taɓa yi masa ba a nan. Ya nuna Barau ya ce ya karanta inda yake so. Ina roƙon Allah a raina ya zaɓi giwa. Yaro ya wuce giwa, ya wuce teku, ya tsaya a na sha takwas.

Ya karanta tiryan-tiryan har ƙasa. Ya juya. Ya ga auduga. Ya ɗago ya dube ni.

Sannan ya mayar da ido kan takardar ya ce, "Hayaƙi." Ya ci gaba da ka, yatsansa na bin layin auduga, bakinsa na faɗin jirgi. Kafin ya kai rabi wani ya kama, wani ya kama, sai ga su duka goma sha bakwai da murya ɗaya, har wurin da jirgi ke yin kuka in zai shiga gari, wurin da Ilu ya saba yin kukan da bakinsa a yi dariya. Yau da suka zo nan sun ɗan tsaya. Sannan suka ƙarasa.

Bature yana tsaye a bayan Barau yana kallon shafin. Bai katse su ba.

Da aka sallami yara ya ce, "Wa ya taɓa littafin nan?" Na faɗa masa duka, har cushen. Ya ce ina fallen? Na ce yana hannun mai shi. Ya ce gwamnati ce mai shi.

Sai na ji Malam Ɗantala a bayana. "Ranka ya daɗe, makullin ni na ba shi. Goɗiyar da ya yi yawon ma tawa ce." In rubuta wannan kada in manta, ran da zan sake jin haushinsa.

Bature ya sa aka dawo da yara shida, ya rufe littafin, ya tambayi kowanne daban. Ya yi rubutu mai tsawo. Takardata da ke kan tebur ya linke ya sa a aljihu.

Lahadi, 26 ga wata, hantsi

Hukunci biyu, takarda ɗaya. Saboda na ɓata kayan gwamnati na kuma ɓoye, an rubuta mini gargaɗi, babu zancen canji bana. Saboda kuma bai ga makarantar da yara ke karatu haka ba a duk rangadinsa, zan ƙara damina biyu a nan, a turo malamai biyu su ga yadda nake yi. Amma kada in sake yanka littafi.

Na ce, ranka ya daɗe, to me za su gani? Ya cire lofe ya yi dariya ya hau doki.

Da laifin ne kaɗai, da na san da wa zan yi fushi.

Litinin, 27 ga wata, bayan azahar

Na rubuta wa Rabi'atu. Sau uku ina farawa. Wani Baban zai tafi Zariya a aljihun farke.

Barau ya ce su faɗa mini fallen in rubuta da hannu a liƙa a gurbinsa. Na ce a bar shi haka. Duk wanda ya zo wurin ya tambayi na kusa da shi.

Ɗazu Malam Ɗantala ya shigo ya tsaya a kan akwatin, ya daɗe. Ya ce, "Ni zan tafi fada, sai bayan la'asar. Idona ma kwanan nan ba ya gani sosai." Ya fita.

Akwai sauran sha ɗaya a ciki, sababbi ƙal, ba wanda ya san abin da suke cewa. Ina jin muryoyin yara sun fara taruwa a gindin tsamiya.

Na wasa aska.